Ordinatar da Injin Niƙa

A shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, sojoji kuma suna riƙe da mulki a Yamai, aka turo ni Matameye aikin bautar ƙasa. Aka ba ni tebur a wani ɗan biro, wato ofis, da tsohuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kowa ordinatar yake ce mata, ni kaɗai nake wahalar da harshena da cikakken sunanta.

Aikina shi ne shigar da sunayen gidajen ƙauyukan Dawce da Ɗan Barto waɗanda rumbunansu suka ƙare, domin rabon hatsin agaji. Yawancin gidajen mata ne ke riƙe da su, mazan sun tafi cin rani Kano. Kwamandan da ke kula da rabon ya faɗa sau ɗaya, bai maimaita ba: ranar Alhamis motoci za su iso, duk ƙauyen da babu takardarsa sai zagaye na gaba.

Ranar Litinin na'urar ta soma ba da matsala. Ina cikin rubutu sai faifan cikinta ya yi ƙas, ƙas, allon ya daskare, ta ce ta kasa karanta faifai. In na kashe na kunna, ta tashi lafiya, amma abin da na rubuta ya tafi. Wani lokaci ta yi awa uku ba ta yi tari ba, wani lokaci sau biyu kafin azahar. Na kwance murfinta na hure ƙura. Na zare igiyar faifan na mayar, na canza ta da wata. Na zargi zafi, na juya mata fanka ni ina zufa. Na buɗe littafi ina rubuta lokacin kowace tsayawa, lokutan suka ƙi bin wata ƙa'ida. Na san faifan da ya fara wannan ƙara yana iya mutuwa da komai a cikinsa.

Da hantsin Laraba ta sake tsayawa, idona kuwa yana kan ƙwan lantarki. Na ga haskensa ya dushe, a daidai lokacin injin niƙan bayan katangarmu ya ɗauki ruri. Waya ɗaya ce ke ba mu kuran, wato wutar lantarki, mu da shi; in ya tashi sai ya janye wutar.

Na zagaya na sami mai injin, wani Alhaji mai farin gemu, na tambaye shi ƙarfe nawa yake tada injinsa. Ya yi dariya, ya ce bana ba agogo ke tada shi ba. Sai kwanuka sun taru sun isa a kunna, wata rana biyar, wata rana har la'asar babu uku. Na roƙe shi ya dakata mini daga yanzu zuwa la'asar.

"Mushe, dubi can," ya kira ni da malam na Faransanci, ya nuna wasu mata huɗu a gindin bango, kowace da ɗan kwanonta. "Kai za ka gaya musu tuwon dare ya jira akwatinka?"

Ni na gaya musu. Wata tsohuwa daga cikinsu ta tambaya ko ƙauyen 'yarta yana cikin takardar. Na ce ban kai gare shi ba tukuna.

"To me kake yi a nan, ɗan nan? Je ka rubuta."

Na koma na rubuta, kunnena yana bayan katanga, ina kwafe kowane ƙauye a disket, ɗan faifan ajiya, da zarar na gama shi. Ana kiran la'asar takarda ta ƙarshe ta fito daga na'urar bugawa, na leƙa ta taga na ɗaga wa Alhaji hannu.

Motoci sun iso ranar Alhamis, aka raba hatsi. Daga Asabar injin ya riƙa ruri tun safe har magariba, na'urar kuwa ba ta ƙara yin cikakkiyar awa tana aiki ba. Sauran takardun shekarar da hannu na rubuta su.