Ranar da Maharazu Ya Kira Sunan Surukinsa

Kyaftin Datti bai taɓa cewa bai sani ba a gaban mutum. Haka yake tun yana yaro a Tudun Wadan Zariya, inda mahaifinsa ke ɗinkin keke, haka ya koyi tuƙin jirgin sama, haka kuma ya kwaso iyalinsa zuwa Abuja tun Dutse Alhaji ba ta cika ba. Tuƙi kam ya iya, ko maƙiyinsa ba ya musu. Amma kujerar hagu, wadda babban matuƙi ke zama a kai, ya ɗauke ta tamkar gadon gidansu. Mataimakin da ya yi masa gyara sau ɗaya, ba ya sake marmarin tashi da shi.

Da 'yarsa Juwairiyya ta isa aure, Datti ya yi murna da ta kawo Maharazu, wani matashin matuƙi a kamfaninsu. Yaro ne mai kunya. Ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya haɗa ido da shi, sunansa kuwa ko a bayan idonsa ba ya kamawa, sai dai Baba. Datti ya riƙa neman a haɗa su tafiya, don ya samu mataimakin da ba zai buɗe baki ba.

Shekaru suka ja, kamfanin ya sayo sababbin jirage masu wata kwamfutar nuna hanya dabam da wadda Datti ya tsufa a kai. A tsohuwar, da ka shigar da sabuwar hanya jirgi ya ɗauka. A sabuwar, sai ka danna maɓallin amincewa, in ba haka ba jirgin zai ci gaba da bin hanyarsa ta farko, ita kuwa sabuwar tana nan zane a allo kamar an karɓa. Aka tura matuƙa horo. Mai koyarwar Enoch ne, wanda a da yake riƙe wa Datti jaka. Datti ya zauna ya harɗe hannu, ya ce yana sama tun Enoch bai daina fitsarin kwance ba. Enoch ya yi 'yar dariya, ya ce Oga ai shi ne malaminsu, ya sallame shi ba tare da ya matsa masa ba. Shi ma Enoch ɗin da laifinsa.

Wata la'asar cikin damina suna dawowa Abuja cike da fasinja, hadari ya rufe gari. Masu kula da sauka suka ce su canja hanya, su zagayo ta ɗaya gefen. Aikin mataimaki ne, amma Datti ya ture hannun Maharazu ya shigar da hanyar da kansa, da sauri, yadda yatsunsa suka saba. Bai danna komai ba bayan nan. Ya fara sauko da jirgin cikin gajimare, jirgin kuwa na nan kan tsohuwar hanya, wadda a wannan tsayin duwatsu ne a gabanta.

Maharazu ya gani. Ya yi gyaran murya, ya ce kamar allon na jiran wani abu. Datti ya ce ya kula da nasa aikin. Maharazu ya sake cewa, kansa a sunkuye, ko Baba zai ƙara dubawa. Datti ya tambaye shi ko don an ba shi 'ya shi ya sa ya ga gadon barcin mutane. Sai na'urar gargaɗi ta kama ihu cewa ƙasa ta matso. Datti ya ƙanƙame sitiyarin, yana cewa injin ne ya rikice.

"Datti, saki jirgin nan."

Hannun Datti ya saki kafin ya gane abin da ya ji. Maharazu ya ɗaga hancin jirgin, ya ba shi wuta, suka fito daga gajimaren, ga ƙaton dutse yana wucewa ta ƙarƙashinsu. Suka sauka lafiya. Fasinjojin ba su san komai ba, suna ta mitar an girgiza su.

Da aka zauna bincike aka saurari muryoyin da na'urar jirgin ta naɗa. Aka ba Datti zaɓi, ko ya koma horo ya zauna kujerar dama, ta mataimaki, na wani lokaci, ko ya ajiye aiki. Ya ajiye. Ya buɗe shagon tayil a Dei-Dei, inda har yau 'yan dako ke ce masa Kyaftin, yana zaginsu in sun fasa kwali. Bai taɓa ambaton maɓallin ba. Abin da yake faɗa wa duk wanda ya zauna a bencinsa shi ne, mijin 'yarsa ya kama sunansa gatsal, kuma manyan kamfani sun ji da kunnensu. Maharazu ya zo ban haƙuri, ya durƙusa a ƙofar shago, Datti ya ci gaba da magana da mai sayen tayil har ƙafafun yaron suka yi sanyi.

Da Juwairiyya ta haifi ɗa namiji, Maharazu ya sa masa sunan kakansa Datti, ko za a huce. Ita ta kawo jaririn Dutse Alhaji bayan arba'in, ta ce Abba za a riƙa ce masa, kamar yadda aka saba. Datti ya leƙa fuskar yaron, bai miƙa hannu ba.

"Mijinki ya samu hanya ke nan," in ji shi. "Ya kira sunana safe da yamma, in ya ga dama ya haɗa da mari."

Ta ce, "Baba, da bai kira ba, da yau ba ka nan."

Ya ce ta ɗauki ɗanta, mijinta na jira a mota.