Yadda Nama Ya Bar Tukunyar Gidanmu

Shekaranjiya ina cikin keke daga kasuwar Wunti, muna daidai Gwallaga wani saurayi ya tsayar da mu ya zauna gefen direba. A bayan rigarsa akwai wani zane kamar makulli, kansa zagayayye, da hannuwa biyu a buɗe. Na tabbata yaron nan bai san ko mene ne ba, a gwanjo ya tsinci rigarsa ya zura. Ni kuwa na sani, don irinsa na azurfa yana rataye a wuyan Baffana tun ina firamare. Har mai keke ya wuce layinmu ban ce masa ya tsaya ba.

Bari in fara gaya maka yadda gidanmu yake. A unguwar Ɗan Iya na tashi, a gidan kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Dada. 'Ya'yanta biyu ne suka rayu. Babana shi ne babba, ma'aikacin gwamnati ne, kuma shi ke jan salla a ƙaramin masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Sai ƙanensa, Baffa, wanda gwamnati ta tura Amurka karatun haɗa magunguna tun ban yi wayo ba. Tun zamanin kakanmu akwai doka ɗaya a gidan da ba a taɓawa: bayan sallar magariba tire ɗaya ake kaiwa zaure, duk namijin gidan a nan zai sa hannu. Ko faɗa kuka yi da rana, da yamma sai kun zauna gwiwa da gwiwa kun ci tuwo.

Akwai kuma abin da yaran yanzu ba za su gane ba. Dada Bafulatana ce ta gaske, a ruga aka haife ta kafin aure ya kawo ta birni, Baba kuma ɗan farinta ne. Saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Mutumin nan" take ce masa. Zai zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, sai ta juya wajen Mama ta ce, "Ki ce wa mutumin nan mun kwana lafiya." Ga shi a gabanta fa, yana ji da kunnensa. Mu yara dariya abin yake ba mu, su kuwa ko a jikinsu.

A farkon damina Baffa ya dawo, lokacin da ƙasa ke tashin ƙamshi kuma kwari suka cika fitilar tsakar gida. Unguwa ta zuba ido ta ga mota, wataƙila har da Baturiya. Sai ga mutum siriri cikin fararen kaya, da akwatunan littattafai, da wannan abu a wuya. Wasu suka ce gicciye ne, ya zama Kirista. Da suka ji gaskiyar magana sai suka ce gara ma a ce hakan ne.

Ashe a can ya haɗu da wasu baƙaƙen fata, jikokin mutanen da aka kwashe daga Afirka aka sayar. Sun kafa ƙungiya suna neman addinin da kakanninsu suka bari a baya, kuma suka ce sun same shi a tsohuwar Masar, wadda suke kira Kemet, wai ƙasar baƙar fata. A wurinsu duk baƙin mutum, daga nan har ƙetaren teku, ɗan gida ɗaya ne. Baffa ya shiga cikinsu da zuciya ɗaya. Da safe zai fito da ƙaramar ƙwarya ya zuba ruwa a gindin dogonyaron tsakar gida, yana kiran kakanninmu ɗaya bayan ɗaya a hankali. Sannan ya zauna ya rufe ido yana jan numfashi. Masallaci kuwa ya daina zuwa.

Kai ma ka san abin da Bahaushe ke fara tunawa idan an ce tsohuwar Masar. Kafin a yi girbin gero sunan gidanmu ya koma gidan Fir'auna. A Islamiyya wata yarinya ta ce mini 'yar Fir'auna, na yaga mata hijabi, aka zane mu duka. Na dawo gida ina huci na same shi yana karatu, na ce, "Baffa, wai kai Fir'auna kake bautawa?" Bai ji haushi ba. Ya buɗe wani littafi ya nuna mini hoton ma'auni, gefe ɗaya zuciyar mutum, ɗaya gefen gashin tsuntsu. Ya ce mutanen can sun yarda idan ka mutu za a auna zuciyarka, in ƙarya da zalunci sun sa ta fi gashin nan nauyi ka shiga uku. Na ce ai mu ma muna da mizani, malaminmu ya faɗa mana. Ya yi dariya ya ce, "To ki riƙe naki da kyau, 'yata." Iyakar wa'azin da ya taɓa yi mini ke nan, kuma na gode masa da bai ƙara ba.

Amma abin da ya fasa gidan nama ne. A koyarwarsu ba sa cin nama, wai yana nauyaya jiki da zuciya. Da farko ba wanda ya lura, don a tire yakan gutsuri tuwo ta gefen da miya ba ta kai ba, ya ce cikinsa bai gama sabawa ba. Sai babbar salla ta zo. A gidanmu idan an yanka ragon layya, Dada ake fara gasa wa hanta, ita kuma ta yayyanka ta miƙa wa kowa da hannunta. Ta miƙa wa Baffa. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Dada, ki yi haƙuri, na daina ci." Ba wanda ya tsaya jin dalilinsa. A wurinmu mutum ba ya ƙin naman layya sai in ƙyamar yankan Musulmi yake yi, haka kowa ya fassara, har ni.

Dama mutanen masallaci sun daɗe suna yi wa Baba ƙus-ƙus. A ranar, gaban kowa, ya ce daga yau a raba wa Baffa kwano, kuma da zarar an gama kaka ya tattara ya koma ɗakin da ke gonarmu ta Inkil. Ban taɓa ganin Baba a irin wannan hali ba. Dada ta miƙe. Ta ajiye wuƙar ta shige ɗaki, kuma da na kai mata ruwan alwala na tarar idonta ya yi ja.

Washegari da la'asar sai ga Dada a gindin murhu, ita da ta yi shekara da shekaru ba ta taɓa muciya ba. Ta ce wa Mama ta matsa. Ta kaɗa miyar kuka da daddawa da wake da ɗan mai, ko ƙashi ba ta jefa ba. Ka tuna fa, kwana ɗaya da salla, gida cike da nama, ƙamshin suya har layi! Soyayyen naman duk ta sa aka zuba a tukwane aka kai ƙarƙashin gadonta. Da ta gama kwashe tuwo ta ce wa Mama, "Ki ce wa mutumin nan ni tire ɗaya na sani. Yanzu ba abin da ke cikinsa da wani ba zai ci ba. Mai son nama ya zo ɗakina bayan an wanke hannu."

Baba bai je zaure ba. Ya sa Mama ta yi masa 'yar miya daban, yana ci a ƙofar ɗakinta. Tire ya riƙa fita yana dawowa da rabin tuwo, don yayyena maza biyu da Baffa ne kawai a kai, su ma kaɗan suke ci. Haka aka yi ta yi har ruwa ya fara ɗaukewa, dawa ta sunkuyar da kai. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni, don duk gidan ba wanda ya kai ni son nama. Na tare Baffa na ce, "Wallahi kai da mutanen Masar ɗinka kun cuce mu." Washegari ya dawo daga kantin maganin da yake aiki da ƙunshin tsire, ya riƙo shi da yatsa biyu nesa da farar rigarsa, ya miƙo mini. Na cinye tas, amma ban fasa fushi ba.

Wata rana Baffa ya fara ɗaure littattafansa da igiya. Ya ce wa Dada ba zai zauna yana raba uwa da ɗanta ba, zai tafi Inkil tun kafin a ce ya tafi. Da aka idar da magariba, Baba ya dawo ya zauna a tabarmarsa, Mama ta ajiye masa kwanonsa. Sai muka ji takun sandar Dada. Ta ratsa tsakar gida ta tsaya a kansa, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Kai."

Lomar da ke hannun Baba ta faɗi cikin kwano. Mutum mai furfura a gemu, tunda aka haife shi bai taɓa jin uwarsa ta yi magana da shi ba.

Ta ce, "Ni ban san Masar ba. Abin da yaron nan yake yi ba ya yi mini daɗi, kullum sai na kai ƙararsa wurin Allah ina kuka. Amma in ka kore shi, wa zai riƙa gani yana salla? Tashi ka je ka ci abinci da ƙanenka."

Baba ya ce, "To, Dada." Ya tashi ba takalmi ya nufi zaure. Daga ranar Dada ta koma "mutumin nan" ɗinta, ba ta sake yi masa magana kai tsaye ba har ta bar duniya.

Kada ka ɗauka abin ya zo wa Baba da sauƙi. Wasu suka daina binsa salla, suka ce ba za su tsaya bayan mai haɗa hannu da ɗan Fir'auna ba. Bai yi musu da kowa ba, ya koma sahu na biyu. Sai da na girma na san abin da wannan ya ci masa, don jan sallar nan ya fi masa aikin ofis daraja. Mu kuma muka saba da miyar Dada: taushe da kabewa da gyaɗa, zogale, busasshiyar kuɓewa, yakuwa da damina. Bayan an ci sai mu yi layi a ƙofar ɗakinta ta ba kowa tsoka ɗaya. Baƙi kan ɗauka talauci ne ya kama mu, Mama ta yi ta jin kunya.

Dada ta rasu da bazara, ina da ɗana na fari a goye. Da aka gama zaman makoki baƙi suka watse, kowa a gidan yana tunanin abu ɗaya amma ba mai iya faɗa. Mai dokar ta tafi. Na leƙa ɗakin Baffa na ga littattafan nan an sake ɗaure su, ya zauna a bakin gado yana jira. Da la'asar Mama ta je ta tsuguna gaban Baba ta ce, "Malam, yau a sa nama a miyar?" Ya ɗago kai daga carbin da yake ja. Sannan ya ce, "Wa ya ce miki an canza?" Da aka kai tire shi da kansa ya je ƙofar Baffa ya ce, "Fito mana, tuwo zai huce." Na shige ɗakin Dada na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yanzu su biyun sun tsufa, kuma ba wanda ya ja wani zuwa ra'ayinsa. Duk lokacin salla Baba zai tsaya a ƙofar Baffa ya ce, "Za mu masallaci," shi kuma ya ce, "A dawo lafiya, Yaya." Ba ranar da Baba ya fasa faɗa. Ni ma ban yarda da hanyar Baffa ba, ina yi masa addu'a irin wadda Dada ke yi, sauran kuma na bar wa Allah. Amma na ga gidaje a garin nan da wa da ƙane suka daina gaisawa a kan sakin hannu ko kama shi a salla. Na ga nawa gidan ma, inda kowane yaro ke ɗaukar farantinsa ya shige ɗaki da waya, ba faɗa ba komai, amma sai a wuni ba a haɗa ido ba. Idan na tuna haka sai in ce Allah ya jiƙan Dada, ya saka wa Baba da alheri, don sun bar mini Baffa, da ba su yi haka ba da sai dai in ji labarinsa.

Jiya bayan magariba na kira wayar Baba, Mama ce ta ɗauka. Ta ce in sake kira an jima, suna zaure suna cin abinci.