Jakar Buhun Taki

A aji biyar na bar makaranta, kuma littafi ɗaya ne ya fitar da ni. Na manta littafin lissafina a gida wata Talata, ƙanen babana ya zo neman takardar da zai ƙunshe irin albasa, ya yage rabinsa. Washegari malam ya zane ni gaban yara har na jiƙa wando. Ban koma ba, kuma babu wanda ya ce in koma. Aka miƙa mini fartanya, ga ni nan a fadamar Lambara har furfura ta fito mini.

Shi ya sa da ɗana na fari ya shiga sakandare na kafa doka a gidana: littafi ba ya wuni a gida. Ko na yau ne, ko na gobe, ko na bara da aka gama rubutawa, duk a kwashe a tafi da su. Makarantar ba ta da inda ake ajiya, ajinsu ko ƙyaure babu, awaki ke kwana ciki. Saboda haka a bayansa za su zauna.

Ni na ɗinka masa jakar da hannuna. Buhun taki na yanka, na ninka biyu, na bi shi da basilla da zaren da muke ɗinke buhunan albasa. Na sa mata marataya ɗaya da igiyar guga. Na yi alfahari da jakar nan, wallahi na yi. In ya wuce majalisarmu da safe ya karkace gefe guda, sai in ji kaina ya kumbura. Ina ganin nauyin nan ilimi ne. 'Ya'yan wasu na tafe da littafi biyu a hannu, ina ce musu 'yan rakiya.

Tafiyar ba kusa ba ce. Yana fita rana ba ta ɗaga ba, ya dawo bayan azahar, a ƙasa, cikin rairayi. Shekara uku yana haka.

Ɗan fari ne, kuma kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Ba na kama sunansa. Ba na zama kusa da shi, ba na kallonsa ido da ido a gaban mutane, balle in dafa shi. Uwarsa ta fi ni ma, ita ko abinci sai ta ba ƙanwarsa ta kai masa. Ta ga abin da ke faruwa tun kafin kowa, amma kunya ta ɗaure mata baki. Sau ɗaya ta gwada. Tana tankaɗe, ba ta dube ni ba, ta ce, "Malam, yaran yanzu dai ana ɗora musu kaya."

Na ce, "Yaran wa?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Da ta ce ɗanta ne, da an yi mata dariya a gari. Ni kuma na san wanda take nufi, na yi kamar ban sani ba.

Tsohuwata ce kaɗai take da bakin magana, don ita jika abokin wasanta ne. Wata rana ya shigo, ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai maigidana, mi ya sa kake tahiya kamar jakin da mangalarsa ta zame? In haka za ka tsufa, na sake miji."

Ya yi dariya ya ce, "Bayana ne ke ciwo, tsohuwa. Ke ma ai naki ya lanƙwashe, ban kore ki ba."

Daga zaure na jiyo su. Na ɗaga murya na ce, "Yaro ina ya ga baya? Wanda bai taɓa ɗaukar buhun albasa ba shi ne zai yi mana kukan baya? Lalaci ne."

Bai sake faɗa ba. Wannan ne abin da ke cina har yau: ya ji maganata. Da ɗan banza ne da ya jefar da rabin littattafan a gindin kuka ya huta.

A shekara ta uku ya fara kasa yin ruku'u daidai. A sahu na gani, yana gabana, kafaɗarsa ta dama ta sauka, ta hagu ta hau. Na kira wanzami ya yi masa ƙaho, aka fitar da baƙin jini, muka ce shi ke nan. Aka shafa man shanu, aka sha sassaƙe. Da safe ya sake saɓa jakarsa ya tafi, a kan tsagar da ba ta warke ba.

Sai ranar da aka kawo shi daga makaranta a kan babur, ya kasa miƙewa daga benci, sannan na kai shi asibiti a Bodinga. Da jakar muka je, don ko a kan babur bai yarda ya bar ta ba. Wata ma'aikaciyar lafiya muka samu, yarinya ce da a haife na haife ta. Ta sa ya cire riga. Ranar na fara ganin bayan ɗana tun yana tsumman goyo. Igiyar guga ta yi masa kanta baƙa daga kafaɗa zuwa haƙarƙari, irin wadda ke fitowa a wuyan san noma.

Ta dubi jakar ta ce, "Baba, ɗaga ta mu gani."

Na ɗaga. Ni mai albasa ne, hannuna sikeli ne. Ta kai tiya huɗu ta gero. Shekara uku jakar na rataye a gidana, ban taɓa ɗaga ta cike ba.

Ta ce, "Wa ya ce ya riƙa ɗaukar wannan duka?"

Yaron ya yi sauri ya ce, "Ni ne nake so."

Ta zazzage jakar a kan tebur, ta ware littattafan ranar. Biyar ne kacal, sauran duk tarkace. Ta ce jakar yaro marataya biyu ake yi mata, masu faɗi, a ja ta ta manne da baya kada ta sauko ƙasan ƙugu, littafi mai nauyi ya kwanta jikin baya, kuma na ranar kawai ake ɗauka. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Ta ce mai yiwuwa ƙashin bayan dama yana da ɗan karkata, ba za ta ɗora wa jakar komai da komai ba, amma kayan da jinkirin sun ƙara masa. Ta tura mu Sakkwato. Can ma suka duba, suka ba da magani da motsa jiki, suka ce da tun farko aka zo.

Na saya masa jaka mai marataya biyu a kasuwa. Ya yi sati biyu da ita. Zaman benci ya gagare shi, tafiyar ta gagare shi, jarrabawa ta zo ta wuce yana kwance rub da ciki a kan tabarma. Abokansa suka wuce gaba. Da ya ji sauƙi na ce ya koma, ya ce, "To, Baba." Bai koma ba. Na san wannan "to" ɗin, ni ma na taɓa faɗar ta.

Noma ma bai karɓe shi ba. Dashen albasa sunkuyo ne tun safe har la'asar, shi ko fangali ɗaya na lambu ba ya gamawa sai ya dafe ƙugu. Ƙanwarsa ke amfani da sabuwar jakar yanzu, kullum da safe sai na ɗaga ta na ji nauyinta. Yana zaune yana kallona ina yi. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Ta ina zan fara, ni da ko sunansa ba na iya kira?

Bana da na gama sussukar irin albasa, na shiga gida ina neman takarda. Yana bakin ɗakinsa. Ya jawo tsohuwar jakar buhun daga ƙarƙashin gado, ya zaro littafi ɗaya, ya yagi tsakiyarsa ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ga shi, Baba. Mai kauri ce, ba za ta huje ba."

Rubutunsa ne a jiki, layi-layi, mai kyau. Na karɓa na ƙunshe irin.