Ranar da Yaya Mariya ta juya wa Makka baya

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayata Mariya a Karantina, nan Jidda, kuma har yau ban gama jin haushinta ba. Na san ba a faɗin haka a kan mamaci. To ni dai na gaji da ɓoye-ɓoye, Allah ya jiƙanta.

Tare muka baro Damagaram muka zo aikin Hajji, muka ƙi komawa kamar sauran jama'a. Babu iƙama, wato takardar zama, babu kafili mai tsaya mana. Ita ce babba, ita ta riƙe gidan da gyaɗa da dafaffen wake da take sayarwa a bakin ƙofa. Wanda bai zauna cikinmu ba ba zai gane ba: marar takarda ba ya zuwa asibiti. Idan aka tambaye ka takarda ka rasa, ba kai kaɗai za a kwasa ba, ana iya bin sawunka har gida a tattara kowa.

Ashe idonta ya daɗe yana tafiya, ba ta gaya wa kowa ba. Ta san lungun nan kamar tafin hannunta, masu sayen gyaɗa kuwa da murya take gane su. Idan ta yi tuntuɓe sai ta zagi takalmi. Kullum tana ɗiga ruwan zamzam tana rambaɗa kwalli, mu kuma muna tsokanarta wai tsohuwa ta tashi neman miji.

Asiri ya tonu ne ranar da ruwan sama ya shigo mana ɗaki, muka kwashe kaya muka sauya musu wuri. Da la'asar na shigo na tarar da ita tana salla, fuska wajen teku, Makka a bayanta. Matar da ta bar garinsu saboda Ka'aba! Na jira ta sallame.

"Yaya, ina kika dosa haka?"

Ta ce, "Ke, wa ya gusar mini da katifa? Da ita nake gane gabas."

A nan na gane ba ta gani. Da ƙyar wani maƙwabci mai takarda ya samo mana likitan da zai duba ta ba tambaya. Ya haska idon, ya ce halas, shi ke nan, jijiyar ta riga ta mutu, da an zo da wuri da an ceto shi. Sannan ya juyo kanmu da faɗa cikin Larabci, wai ita ce makauniyar ko mu. Maganar ta zauna mini a rai. Amma Yaya ce ta rufe mana ido da gangan, kuma abin da na kasa yafe mata ke nan.

Da za ta dawo yau, ban san me za ta ce ba. Jikokinta sun girma, Larabci a bakinsu, Hausa sai dai su ji su gyaɗa kai. Kowa da waya a hannu. Takardar dai har yanzu babu. Ba a kori ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta ba, wannan kam ta samu, ko da yake su ba su san da me aka saye shi ba.

Bana nawa idon na hagu ya fara hazo. Na rantse ba zan yi irin nata ba, ranar da na lura ranar na gaya wa 'yata. Ta dubi yaranta, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Umma, kame ya yi yawa yanzu. Ki bari sai bayan Hajji."

Ba ta yi ƙarya ba, ni ma da ni ce, haka zan ce. Amma na ga yadda kalmomin suka fito mata da ƙyar, ta kasa haɗa ido da ni har ta fita. Sai a ranar na gane Yaya ta yi shiru ne don kada ta sa ni faɗa mata wannan maganar.