Azumin Hajiya a garin da rana ba ta faɗuwa

Ina cikin wanke-wanke a ɗakinmu na ɗalibai a unguwar Abbasiya, nan Alƙahira, sai Yaya Sani ya kira daga can ƙarshen arewacin Norway. Ya kai iyalinsa hutu, har da Hajiya, mahaifiyarmu. Wai a wannan watan rana ba ta faɗuwa a garin.

Hajiya ta ɗauki azumin Litinin, ga ciwon suga, jikinta ya fara rawa, kuma ta ƙi shan ruwa.

Ya miƙa mata wayar. Na ce, "Hajiya, malamai sun ce a irin wannan wuri ana iya bin lokacin Makka, kuma can an riga an sha ruwa."

Ta ce, "Rabi'u, ga rana ina kallo da idona. Karatun da aka tura ka ke nan?"

Ana haka masallacin layinmu ya fara kiran magariba, sai na buɗe taga na miƙa wayar waje. Da na dawo da ita kunnena, na ji tana cewa, "Sani, miƙo min dabinon nan."

Ladanin bai ma san ya yi ba. Ku da me kuke shawo kan naku iyayen?