Yadda Dokar Kamfani Ta Raba Malam da Emeka

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka raba faya-fayan gem a kan tabarmar shagonmu ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, ni ke faɗa, don ban yi karatu ba. Na ji ku 'yan ƙungiyar masu gidajen gem na Gashuwa kuna ta shi wa kamfanin na'ura albarka, wai ya janye wata doka saboda yana ƙaunar masu wasa. Ku saurari tsohuwar da ta riga ku shiga sana'ar nan.

Mijina, Malam Bukar, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Nguru. Da ya ajiye aiki muka dawo Gashuwa, ya buɗe gidan gem. Ga wanda bai sani ba: talabijin ne da na'ura, a sa faifai a ciki, samari su biya su buga ƙwallo ko tseren mota. Faifai na da tsada, samari kuma na da saurin gundura. Shi ya sa Malam ya haɗa kai da Emeka, ɗan wani abokin aikinsa na jirgi, haifaffen Nguru, mai irin wannan shago a can. Faya-fayansu na tarayya ne. Wanda Gashuwa ta gaji da shi ya tafi Nguru, na Nguru ya zo mana. Ni ce mai kaiwa da kawowa, tunda dama ina zuwa saro busasshen kifi ranar kasuwa. Ni ke goge su, ni ke jera su.

A shekarar da aka katse layukan waya a jiharmu saboda rashin tsaro, Emeka ya dawo daga Kano da labari. Ya zo har shago, ko ruwa bai sha ba.

Ya ce, "Baba, sana'armu ta mutu. Sabuwar na'urar da za su fitar, faifai in ya shiga guda ɗaya ya zama nata, ba aro, ba musanya. Kuma kullum sai ta gaisa da kamfani ta intanet, in ba haka ba ta ƙi tashi."

Malam ya yi dariya ya ce, "Mu da ko gaisuwar mutuwa ba ma iya aikawa ta waya, na'ura ce za ta gaida Turawa kullum?"

"Wallahi ba wasa ba ne, Baba. Gara mu sayar da faya-fayan nan tun suna da daraja. Ni Kano zan koma."

Nan fuskar Malam ta canja. Ya ce, "To faɗi gaskiya, yaro. Dama hanyar yar da tsoho kake nema, kamfani ya ba ka."

Emeka ya ce, "Ni na kafa dokar? Da ubana na raye ba za ka faɗa mini haka ba."

"Da ubanka na raye da ya ji kunya."

Malam ya ce in juye kwalin faya-fayan a tabarma. Na juye. Suka yi ta ja, wannan naka, wannan nawa, kamar masu rabon gado. Emeka ya kwashi nasa ya fita ba sallama. Malam ya hana ni taka shagon Emeka. Ranar kasuwa sai in bi ta bayan layin masu hatsi don kada mu haɗu.

Fushin Malam ba ya daɗewa, amma ba waya, kuma girman kai ya hana shi hawa mota. Ana cikin haka hawan jininsa ya tashi. Bai yi doguwar jinya ba. Ajali na Allah ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma ya tafi ba su shirya ba, kuma wannan na san wanda ya jawo.

Emeka bai ji ba sai bayan sadakar bakwai, a bakin wani direba. Ya zo ina cikin takaba, ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule. Ya yi kuka har maƙwabta suka leƙo. Sannan ya turo kwali ta ƙarƙashin labulen.

Ya ce, "Mama, ga su nan, ko ɗaya ban sayar ba. Na kai su Kano aka yi mini dariya. Kamfanin ya janye dokar."

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Yadda na lissafa, kwana kaɗan bayan rabonmu. Mu ne labari bai iso wa ba."

Na tambaye shi me ya sa suka janye. Ya ce wai sun saurari masu wasa. Na ce waɗanne? Ya ce na ƙasashen waje, waɗanda suka fara komawa wajen wani kamfanin da ya ce shi bai hana aro ba.

Wannan ne sauraron? Lokacin da suke zaune suna yanke cewa kowace na'ura sai ta sami intanet, ba su san akwai garin da ba sabis ba? Sun sani, ba mu ne a gabansu ba. Da ciniki bai juya musu baya ba, da dokar na nan har yau. Wanda ya ɗaga maka sanda, ya ga jama'a sun taru ya sauke, ba tausayinka ya ji ba, kuma sandar tana hannunsa. Ko haƙuri ba mu ji sun ba irinmu ba, su da suka tsorata mutane da abin da ba su ma tsaya a kansa ba.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. In kamfani ya kafa doka, kada ku yi gaggawar rushe abin da kuka gina. In ya janye, ku karɓa, amma ku riƙe godiyarku. Shi yana iya faɗa yau ya lashe gobe, ba abin da ya rage shi. Ku kuwa, maganar da kuka faɗa wa juna a kan maganarsa, ba lalle ku sami ranar janye ta ba.

Emeka bai koma Kano ba. Da na fita takaba na ci gaba da riƙe shagon, muka ci gaba da musanya. Sau ɗaya ya taɓa tambayata ko Malam ya ambace shi kafin ya cika. Na gaya masa gaskiya. Ana gobe zai rasu ya ce da ni, "In layi ya dawo, ki tuna mini in kira yaron nan."

Layi ya dawo ina cikin takaba.