Layi Ɗaya da Zulaiha Ta Rubuta

A wani ƙaramin ɗakin gwajin jini da ke unguwar Ladjifarani, wata mata tana durƙushe gaban kwamfuta, tabaranta ɗaure da zare a gefe ɗaya. Zulaiha ake kiranta, ita ce mai haɗa musu na'ura. Yatsunta masu lalle suna gudu a kan madannai, sai kuma su tsaya cak.

Kwana uku ke nan sakamakon gwaji bai isa asibitin garin Djougou ba, kuma kwamfutar ba ta ce uffan ba. Yanzu ta ga dalili, layi ɗaya ne da ta rubuta da hannunta: kada manhajar aikawa ta tashi sai lambar nwayo, wato zuciyar tsarin kwamfutar, ta kai shida. A tata sabuwar kwamfutar, mai lamba shida, ta gwada. Wannan tsohuwar a biyar take. Na'urar ta ga sharaɗi bai cika ba, ta yi zamanta, don a wurinta wannan ba matsala ba ce balle ta yi ƙara.

Da gani, irin matan nan ce da ke kulle ƙofa su dawo su sake taɓawa. Taka-tsantsan ɗin ne ya ja mata. Ta gyara layin.

"Hajiya, ya gyaru?" in ji dattijon da ke gwajin jini a ɗakin.

"Ya gyaru, Baba." Ba ta ɗago ba. "Mutum nawa ke jira a can?"

"Goma sha ɗaya. Jiya sha biyu ne."

Ba ta tambayi inda ɗayan ya tafi ba.